Aikin Na'ura a Hannun Gwamnati: Abin da Ke Tsayar da Shi da Abin da Ke Kada Shi

Ya kai mai karatu, ko kai ma'aikaci ne a biron gunduma, ko malamin yaƙi da jahilci, ko jami'in lafiya a asibitin karkara, ko wakili a kwamitin gari, da wuya a yanzu ka shekara ba ka ji an ce za a kawo muku na'ura ba. Yau a ce rajistar haihuwa za ta koma cikin kwamfuta, gobe a ce albashi ko tallafi ta salula za a riƙa biya, jibi a ce katin ɗan ƙasa zai ɗauki zanen yatsa da hoton fuska. Maganar ba ta baki kaɗai ba ce. A shekarar 2017 Nijar ta kafa hukumar ANSI domin ta jagoranci shigar da fasahar zamani cikin aikin gwamnati. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 domin shirin kai hanyoyin sadarwa ƙauyuka, kuma a wannan shekara Nijar ta shiga zango na biyu na shirin WURI, wanda manufarsa ita ce kowane mutum ya samu lambar shaida tasa shi kaɗai. Bankin Raya Afirka kuwa ya sa kuɗi a shimfiɗa igiyar intanet mai tsawon fiye da kilomita 1000 a cikin ƙasa.

Kuɗin da yawa, kuma wani sashe nasa bashi ne wanda ƴaƴanmu za su biya. Idan aikin ya yi kyau, mace a Dakoro ko a Tanut za ta samu takardar haihuwar ɗanta ba tare da ta kwana a hanya ba. Idan ya lalace, za a bar mu da ɗaki cike da ƙarafa, da bashi, da jama'ar da ta ƙara yanke ƙauna daga hukuma. Saboda haka ya kamata ka san ƙa'idojin da ake tafiyar da irin wannan aiki a kansu, ko da kuwa ba ka taɓa kunna kwamfuta ba. Yawancinsu ba ilimin injiniya ba ne, ilimin tsari ne da riƙon amana.

Darasi daga gida: talabijin ɗin makaranta

Kafin mu leƙa ƙasashen waje, mu fara da namu. A shekarar 1964, da taimakon Faransa, Nijar ta soma koyar da yaran firamare ta talabijin, tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka gwada haka. A zangon gwaji, shirin ya kai ajujuwa 22, yara kimanin 800. Masu tsaron ajin matasa ne masu takardar firamare waɗanda aka yi wa gajeren horo, darasi kuwa daga Yamai yake fitowa. Masana daga ƙasashe dabam-dabam sun zo sun gani, sun yaba: yara suna son aji, ba sa gudu, bakinsu ya buɗe da Faransanci.

Duk da haka shirin bai zama hanyar karatun ƙasa ba. An gina shi ne a gefen ma'aikatar ilimi, ƙwararrun baƙi suka fi riƙe ragamarsa, malamai da sufetocin makarantu kuwa da yawansu suna kallonsa kamar kishiya. Da lokacin faɗaɗawa ya zo, sai tsadar akwatuna da wuta da gyara ta bayyana a fili. A ƙarshen shekarun 1970 aka daina. Ƙasar Kodebuwa ta bi irin wannan hanya a 1971 da shiri mafi girma, ita ma ta rufe nata a 1982.

Ka lura da kyau: na'urar ta yi aikinta, darussan ma masu kyau ne. Abin da ya rasa shi ne uban gida a cikin ma'aikata, da kuɗin riƙo, da yardar waɗanda za su ɗauki nauyin aikin bayan tafiyar baƙi. Shekara sittin ke nan, amma waɗannan abubuwa uku har yau su ne ke kada ayyuka.

A fara da matsala, na'ura ta biyo baya

Kuskuren farko shi ne a sayo kaya sa'an nan a shiga neman abin da za a yi da su. Aiki na ƙwarai yana farawa ne da tambaya: mece ce wahalar da muke son mu rage, kuma wa take damu? Amsar ta zama ƙididdigagga. Idan an ce "muna son zamanantar da biro", ba a faɗi komai ba. Idan aka ce "muna son mai neman kwafin takardar haihuwa ya same ta a yini ɗaya maimakon ya yi ta zirga-zirga", to an samu abin da za a auna.

Domin a gane matsalar, wajibi ne masu tsara aiki su bar kujerunsu su zauna inda ake yin aikin, su bi takarda guda tun daga hannun mai ita har zuwa hatimi na ƙarshe. Hannu nawa take bi? A ina take kwana? Wane sa hannu ne doka ta wajabta, wanne ne al'ada kawai? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sau da yawa za a tarar cewa matakai biyu ko uku ba su da amfani, kuma cire su kaɗai ya rage rabin wahalar. Wanda ya zuba hargitsattsen tsari cikin kwamfuta, hargitsin zai samu, sai dai ya fi na da sauri da tsada.

Ga misali daga zaɓen 2020. Hukumar zaɓe ta CENI ta yi rajistar masu zaɓe da na'urar ɗaukar zanen yatsa, aka samu mutum kimanin miliyan 7.4. Amma kafin na'ura ta karɓi mutum, sai ya nuna takardar da ke tabbatar da ko shi wane ne, alhali jama'a da yawa ba su da ita. Dole aka fara da zaman alƙalai na tafi-da-gidanka, gari-gari, ana ba mutane takardun haihuwa. Binciken ƙasa ya nuna cewa a 2006 kashi 32 cikin ɗari na yara ƙanana ne aka yi wa rajistar haihuwa, a 2012 suka kai kashi 64. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 domin a sanar da haihuwa. Ke nan tushen kowane kati na zamani shi ne littafin rajistar nan da ke hannun ungozoma da mai gari da ma'aikacin biro. Idan tushen ya karkace, katin ma ya karkace.

Aiki ya samu mai shi

Kowane aiki yana bukatar mutum ɗaya daga cikin ma'aikata wanda za a nuna a ce wannan shi ne mai alhaki. Ya kasance yana da ikon yanke shawara, yana da lokaci, kuma zai daɗe a wurin. Kwamiti yana da amfani wajen shawara da sa ido, amma abin da aka ce na kowa ne, ƙarshensa ba na kowa ba ne. Kamfani ba zai zama mai aikin ba, mai ba da tallafi ma haka, domin dukansu baƙi ne, ranar tafiyarsu tana rubuce.

Sauyin shugabanni kuwa abu ne da ya kamata a shirya masa tun farko. A watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun gundumomi da na jihohi, aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari. Duk aikin da yake cikin kan mutum ɗaya, ko lambobin sirrinsa suke cikin aljihunsa, ya shiga haɗari a wannan rana. Wanda aka rubuta tsarinsa, aka ajiye takardunsa a biro, aka koya wa mutum biyu ko uku, shi sabon shugaba ya tarar yana tafiya. Saboda haka ka tambaya: in aka yi wa wane canjin wurin aiki gobe, wa zai buɗe na'urar jibi?

A fara kaɗan, a gwada, a gyara

Kada ka ɗauka cewa talauci ne kaɗai ke kada irin waɗannan ayyuka. Manyan ƙasashe sun faɗi faɗuwar da ta fi tamu tsada. A 2002 Ingila ta ƙaddamar da shirin haɗa bayanan marasa lafiya na dukan asibitocinta cikin tsari ɗaya. An tsara shi daga sama, an ba da manyan kwangiloli cikin gaggawa, ba a saurari likitocin da za su yi aiki da shi yadda ya kamata ba. A 2011 gwamnati ta sanar da wargaza shi, kuma an ƙiyasta abin da ya ci ya kusa fam biliyan 10.

A Amurka, ranar 1 ga Oktoba 2013, aka buɗe tsarin yin rajistar inshorar lafiya ta intanet ga miliyoyin mutane lokaci guda. Kamfanoni da dama suka gina sassansa, ba wanda ya riƙe jimlar aikin, kuma ba a gwada shi gaba ɗaya ba sai daf da ranar buɗewa. A yinin farko mutum shida kacal suka iya kammala rajista. Sai da aka tara ƙaramar tawagar ƙwararru aka ba su iko, suka yi wata biyu suna gyara, kafin abin ya daidaita.

Na Kanada ya fi kusa da zuciyar ma'aikaci. A 2016 aka kunna sabon tsarin biyan albashi mai suna Phoenix. An rage ma'aikatan da suka ƙware a lissafin albashi tun kafin a tabbatar da na'urar, an soke gwajin da aka shirya yi a ma'aikata guda, an kuma rufe tsohon tsarin. Zuwa tsakiyar 2017 fiye da ma'aikata 150,000 suna jiran a gyara musu albashi: wani an rage masa, wani an ƙara masa, wani ba a biya shi ba sam. Tsarin da aka yi domin tsimi ya koma cin biliyoyin daloli.

Ciwon nan uku iri ɗaya ne: an haɗiye loma ta fi ƙarfin maƙogwaro. Maganinsa sananne ne. A raba aiki gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta zama abin da za a iya amfani da shi cikin ƴan watanni. A gwada a wuri biyu ko uku, kuma kada a zaɓi wurare masu sauƙi kaɗai. Gwajin da aka yi a Yamai, inda akwai wuta da rezo da mai gyara a bayan gida, bai gaya maka abin da zai faru a Bilma ko a Abalak ba. A bar tsohuwar hanya tana tafiya tare da sabuwa har sai an tabbatar. Sa'an nan a yarda tun farko cewa gwaji yana iya nuna a tsaya. Gwajin da an riga an yanke cewa sai ya yi nasara, biki ne kawai. Sannu ba ta hana zuwa.

Wuta, rezo, zafi da ƙura

A ƙasarmu kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke samun wutar lantarki, a karkara kuwa abin ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Ko a birane ma wutar ba tabbas gare ta ba. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasa ke sha, ba a maido ta ba sai a farkon 2024. Tashoshin hasken rana irin na Malbaza da na Goru Banda sun rage dogaro, amma ba su kai ga kowane biro ba.

Kenya ta ɗanɗana wannan a zaɓen 4 ga Maris 2013. An raba kwamfutocin tantance masu zaɓe, amma rumfuna da yawa a ajujuwan da ba wuta suke. Batir ya ƙare da rana tsaka, aka koma ga rajistar takarda. Da ba a tanadi takardar ba, da zaɓen ya tsaya.

Don haka duk tsarin da za a kawo maka, ka bincika abu huɗu. Yana aiki in babu rezo, ya ajiye bayanai har rezo ya dawo ya tura? In farantan hasken rana ne za su ba shi wuta, wa zai share su, wa zai sauya batir in ya mutu? Na'urar tana jure zafin Afrilu da Mayu da ƙurar hunturu? In komai ya tsaya, mece ce hanyar da za a sallami mutumin da ya taso tun asuba a kan amalanke? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuɗin saye da kuɗin riƙo

Wanda ya sayi doki ya san cewa kuɗin saye sau ɗaya ne, harawa da dawa kuwa kullum ne. Na'ura ma haka take. Bayan an saya akwai kuɗin intanet wata-wata, da tawadar injin bugawa, da takarda, da man janareto, da lasisin manhaja in ta kuɗi ce, da ladan mai gyara, da horon sababbin ma'aikata. Kwamfuta kuwa bayan shekara huɗu ko biyar ta soma gajiya. Mai ba da tallafi ya fi son sayen kaya, domin ana ganinsu, ana ɗaukar hotonsu. Kuɗin riƙo kuma yawanci a wuyan gwamnati ko gunduma yake faɗawa ranar da furoje ya nannaɗe tabarmarsa.

Na taɓa shiga wani biro a wata gunduma, na tarar da kwamfutoci a jere an lulluɓe su da zane, ba ƙura ko kaɗan a kansu. Na yaba tsabtar wurin. Sai mai gadi ya ce mini, "Malam, ai tun da aka kawo su ba a taɓa kunna su ba." Wanda aka horar an ɗauke shi zuwa wani gari, kuɗin haɗa wuta kuwa ba a sa shi cikin kasafi ba. A rahoton furoje, wannan biro yana cikin waɗanda aka rubuta an gama da su.

Tallafin waje ma yana iya tsayawa ba zato. Bayan Yulin 2023 Bankin Duniya ya dakatar da fitar da kuɗi na tsawon watanni, Tarayyar Turai da wasu ƙasashe su ma suka tsayar da nasu. Darasin a bayyane yake: aikin da rayuwar jama'a ta rataya a kansa, kamar rajistar haihuwa da albashi da bayanan lafiya, wajibi ne kuɗin riƙonsa ya samu layi a cikin kasafin ƙasa ko na gunduma tun shekarar farko. In lissafi ya nuna ba za a iya ba, gara a rage girman aikin tun yanzu.

Kwangila: abin da ba a rubuta ba, ba a saya ba

Gwamnati ba ta ƙera na'ura, saye take yi, don haka takardar kwangila ita ce garkuwarta. Ga abubuwan da ya kamata a gani a ciki. Na ɗaya, a biya kuɗi bisa abin da aka gwada aka ga yana aiki, mataki-mataki. Sauke kwalaye a sito ba kammala aiki ba ne. Na biyu, a rubuta ƙarara cewa bayanan jama'a mallakin ƙasa ne, kuma kamfani zai miƙa su a sigar da wata na'ura za ta iya karantawa duk ranar da aka nema. Na uku, a ambaci tsawon lokacin garanti, da kwana nawa za a yi kafin mai gyara ya iso in abu ya lalace, da inda za a samu kayan gyara. Na huɗu, a wajabta koya wa ma'aikatan ƙasa, kuma a gwada su a ga sun iya kafin a biya kason ƙarshe. Na biyar, a tanadi hanyar rabuwa.

Wannan na biyar shi ne wanda aka fi mantawa. Idan kamfani ɗaya ne kaɗai ya san cikin na'urar, shi ne ke riƙe da makullin bayanan, to duk farashin da ya yanka gobe sai a biya. Hanya ɗaya ta kauce wa haka ita ce amfani da manhajar da kowa ke iya dubawa da gyarawa. Tsarin DHIS2, wanda jami'ar Oslo ta Norwe ke jagorantar gininsa, irin wannan ne. Ƙasashe da dama na Afirka, har da Nijar, sun ɗauke shi domin tattara alƙaluman asibitoci. Amma ka sani, manhajar kyauta ba ta nufin aikin kyauta: sai an samu ƴan ƙasa da suka ƙware a kanta, kuma a biya su abin da zai riƙe su.

Haka kuma a nemi tsare-tsaren da ke jin maganar juna. In ma'aikatar lafiya tana da nata, ta ilimi da nata, biron haihuwa da nasa, kowa da irin yadda yake rubuta suna, to talaka ne zai riƙa yawo da takardu tsakaninsu. Suna ɗaya a rubuta shi Mahamadou a nan, Mamadou a can, Mahaman a wancan, na'ura ta ce mutum uku ne. Daidaita irin waɗannan ƙananan abubuwa tun farko ya fi sayen manyan injuna amfani.

Mutane, horo da harshe

Mu da muka yi shekaru a fagen yaƙi da jahilci mun san cewa allo da alli ba su koyar da kowa, malami ne ke koyarwa. Misalai biyu sun isa. Ƙasar Peru ta raba wa yaran makaranta ƙananan kwamfutoci fiye da 800,000. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012 ya nuna cewa bayan wata 15 ba a ga ƙaruwa a lissafi ko a karatu ba, domin an ba da na'ura ba tare da an sauya yadda ake koyarwa ba.

A nan gida kuwa, a 2009 da 2010, an gwada wani shiri mai suna ABC a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram, tare da ƙungiyar CRS da masu bincike na jami'ar Tufts. Ajin manya ne na Hausa da Zabarmanci kamar yadda aka saba, sai dai a rabin ƙauyukan an ƙara koya wa ɗalibai amfani da salula mai sauƙi, ɗaya ga mutum biyar. Waɗanda suka samu wannan ƙari sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, kuma bambancin bai gushe ba watanni bayan rufe aji. Dalilin a fili yake: na'urar mai araha ce, an san ta, an ɗora ta a kan aji da malami da suke nan tun da, kuma ɗalibi ya ga amfaninta a ranar, ya aika wa ɗansa saƙo a ci-rani, ya tambayi farashin wake a kasuwa.

Fiye da rabin manyan ƙasarmu ba su karatun boko. Tsarin da yake magana da Faransanci kaɗai, a rubuce, ya rufe ƙofa ga mafi yawan masu shi. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaukaka Hausa zuwa harshen ƙasa. Ya dace wannan ya bayyana a fuskar na'ura, tare da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci da sauransu, da murya da hoto ga wanda ba ya karatu. A tuna kuma da mata, waɗanda da yawansu salular miji ko ta ɗa suke aro. In aka ce tallafi sai ta lambar waya, a tambaya lambar wa.

Game da horon ma'aikata, kwana uku a ɗakin taro da kuɗin zama ba horo ba ne. A horar da wanda zai taɓa na'urar da hannunsa, a wurin aikinsa, da takardun gaske. A horar da aƙalla mutum biyu a kowane biro, a bar musu littafin jagora cikin harshe mai sauƙi da lambar wanda za su kira. A kuma faɗi gaskiya: na'ura tana toshe wasu kafofin da wasu ke ci ta cikinsu, kuma waɗannan ba za su yi mata maraba ba. Shugaban da bai shirya wa wannan ba zai yi ta jin cewa na'ura ta lalace alhali lafiyarta ƙalau.

Bayanan jama'a amana ne, na'ura kuma tana kuskure

Zanen yatsa ba kamar makulli ba ne da za a sauya in an sace. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, ta sabunta ta a 2022. Kafin a karɓi bayanin mutum, a gaya masa dalili, da wanda zai gani, da yadda zai gyara in an yi kuskure. Kowane ma'aikaci ya samu lambar sirrinsa shi kaɗai, domin a san wanda ya taɓa me. A riƙa ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam, saboda gobara da ambaliya da ɓarawo. A Kenya, a watan Oktoba 2021, babbar kotu ta ce raba katin Huduma ya saɓa wa doka, saboda ba a fara auna haɗarin da ke cikinsa ga sirrin mutane ba, alhali an riga an kashe kuɗi mai yawa.

Mafi muni shi ne a ɗauki maganar na'ura kamar ba ta kuskure. A Birtaniya, tsarin lissafi na gidan waya mai suna Horizon ya riƙa nuna gibin kuɗin da babu shi. Maimakon a binciki na'urar, sai aka tuhumi masu riƙe da rassa. Tsakanin 1999 da 2015 an hukunta fiye da mutum 900, wasu sun yi kurkuku, wasu sun tsiyace, wasu sun mutu kafin a wanke su. Sai a 2019 kotu ta tabbatar da kurakuran tsarin, a 2024 majalisa ta yi dokar soke hukunce-hukuncen. Manomin da aiki ya shafe zanen yatsarsa, ko tsohuwar da na'ura ta ƙi ganewa, dole su samu ɗan Adam da za su kai wa kuka, mai ikon gyarawa.

Tambayoyin da za ka yi

Ranar da aka kira ka taron ƙaddamar da sabon aiki, bayan jawabai da tafi, ka nemi izini cikin ladabi ka yi waɗannan tambayoyi:

1. Wace wahala ce ta jama'a wannan aiki zai rage, kuma da wane ma'auni za mu gane ta ragu bayan wata shida?
2. Wane ne mai alhakinsa a cikin ma'aikata, kuma wa zai gaje shi in ya tashi?
3. A ina aka gwada shi, me gwajin ya nuna, me aka gyara?
4. Yaya za a yi aiki ranar da babu wuta ko babu rezo?
5. Nawa zai ci kowace shekara bayan tafiyar furoje, kuma daga wace jaka?
6. Bayanan na hannun wa, kuma za mu iya sauya kamfani ba tare da mun rasa su ba?
7. Wanda ba ya karatu, ko ba shi da salula, ta wace ƙofa zai shiga?
8. In na'ura ta yi wa mutum kuskure, ina zai je?

Kada ka karɓi yawan kwamfutocin da aka raba ko yawan mutanen da suka halarci horo a matsayin shaidar nasara. Shaidar tana bakin ƙofar biro: layi ya ragu ko bai ragu ba, takarda tana fita a yini nawa, mutum ya kashe jika nawa kafin ya same ta. Ka riƙe ɗan littafi ka rubuta waɗannan tun kafin na'ura ta zo, ka sake rubutawa bayan ta zo, ka kai wa kwamitinku. In masu aikin sun amsa tambayoyin nan takwas da hujja, ka ba su goyon baya da dukan ƙarfinka, ka kuma ja hankalin jama'arka su yi rajista. In sun kasa amsa rabinsu, ka roƙi a koma a sake shiri tun kuɗin bai fita ba, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.